Kalmar «ra'ayi» a ƙasar Arewa: asalinta da kayan da ake ɗora mata

A watan Maris na 2025 aka sa hannu a kan kundin sake gina ƙasa, wanda ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Wannan ya ƙara nauyi bisa masu fassara da masu tsara littattafan yaƙi da jahilci, domin kalmar da suka zaɓa yau ita ce za ta zauna a bakin ɗalibai gobe. Akwai kuwa wata ɗabi'a da ta daɗe a cikin rubuce-rubucenmu, wadda ya kamata a dube ta da kyau: duk inda mai fassara ya ci karo da «opinion», ko «idée», ko «notion», ko «concept», sai ya rubuta «ra'ayi», ya wuce. Kalma guda ke nan aka ɗora wa kayan kalmomi huɗu, alhali na farkon ne kaɗai nata, sai ɗan wani yanki na biyun. Misalan da za a gani nan gaba daga maganar mutanen gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri suke, an kuma bar su da karinsu na Arewanci.

1. Asalin kalmar

Babu gardama a kan cewa «ra'ayi» aro ce daga Larabci «ra'y», wadda ta fito daga saiwar r-'-y, mai ma'anar gani da ido. Daga wannan saiwa Larabci ya sami «ru'ya», watau ganin wata ko mafarki, da «mir'at», madubi, da «riya'», yin ibada don idon mutane, wadda ita ma ta shigo Hausa ta zama «riya». Ashe «ra'y» shi ne abin da mutum ya hango a cikin wani al'amari daga inda yake tsaye.

Siffar kalmar tana ba da ɗan labarin hanyar da ta biyo. Hausa ba ta yarda baƙaƙe biyu su haɗu a ƙarshen kalma ba, don haka ta saka wasalin «a» tsakanin hamza da «y», ta ƙara «i» a ƙarshe. Ta kuma yi watsi da jam'in Larabci, ta yi mata nata, «ra'ayoyi», bisa tsarin «hanya, hanyoyi». A cikin nazarinsa na 1947 a kan kalmomin Larabci da ke cikin Hausa, Greenberg ya raba su kashi biyu: tsofaffi, waɗanda suka shigo ta baki, sau da yawa da «al» ɗinsu manne da su, kamar «albasa» da «alkama» da «littafi», da kuma na baya, waɗanda suka fito daga karatun malamai. «Ra'ayi» ba ta da «al», ta kuma riƙe hamzarta a tsakiya kamar yadda mai karatu ke furta ta. A kashi na biyu take.

Wannan yana da muhimmanci, domin a wurin malaman fiƙihu «ra'y» kalma ce mai tarihi. A ƙarni na 8 an san malaman Kufa, mutanen Abu Hanifa wanda ya rasu a 767, da sunan ma'abota ra'ayi, don suna yawan aiki da hankalinsu inda ba su sami nassi ba, ana kuma bambanta su da ma'abota hadisi. Ɗaya daga cikin malaman Imamu Malik kansa a Madina, Rabi'a, da laƙabin Rabi'atur Ra'yi aka san shi. Tun can kalmar tana da abokin hamayya, shi ne nassi, kuma wannan hamayya ta biyo ta har zaurukan karatu na ƙasar Hausa. Idan malami ya ce wa ɗan'uwansa «wannan ra'ayinka ne», ya rage wa maganarsa daraja ke nan, ya nuna ba ta da madogara sai shi mai faɗinta.

Mu da muka yi karatu da Faransanci akwai abin da ke ruɗinmu a nan. «Idée» ita ma daga gani ta fito, daga Girkanci «idein», sai mutum ya ɗauka kalmomin biyu tagwaye ne. Tushe ɗaya ne, amma tafiya ta raba su. Aflatun ya ɗauki «idea» ya raba ta da mai ganin, ya mai da ita siffar abu wadda ke nan ko da mai kallo ko babu. Shi ya sa Faransanci ke iya cewa «mon idée», ya kuma ce «l'idée de justice», da kalma guda. «Ra'y» kuwa bai taɓa rabuwa da mai shi ba, a Larabci ko a Hausa.

2. Yadda ake amfani da ita a Arewa

Musulunci bai game ƙasar Arewa ba sai a cikin ƙarni na 20, kamar yadda ake gani a aikin Marc-Henri Piault na 1970 a kan tarihin Mawri, da na Adeline Masquelier na 2001 a kan bori a Dogon Dutsi. Saboda haka a ganina zauren malam bai isa shi kaɗai ya bayyana yadda kalmar ta shiga bakin manomin Matankari ko na Gesheme ba. Rediyo da siyasa sun yi rabin aikin. Sashen Hausa na BBC ya soma a 1957, an yi ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, an kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo a farkon shekarun 1960, kuma gidajen rediyon Kaduna da Sakkwato sun daɗe da samun masu saurare a wannan yanki da ke bakin iyaka. Ko a cikin jaridun karkara na yaƙi da jahilci, akwai wadda aka buga a jahar Tawa mai suna Saabon Ra'ayii, da rubutun wasula biyu-biyu na wancan zamani. Bayan babban taron ƙasa na 1991 da buɗe jam'iyyu, kalmar ta zama ta kowa.

Ga yadda ake jin ta yau:

(1) Wanga ra'ayinka na, ba nau ba.
(2) Ba ni da ra'ayin tahiya Ikko bana.
(3) Shina ra'ayin kokowa tun shina yaro.
(4) Ra'ayinmu ba guda na ba, shi ya sa munka raba masallaci.
(5) An ja ra'ayinta, ta bar gidan.

A misali na (1) ma'anar ita ce ta ƙamus, abin da Faransanci ke kira «opinion». A na (2) da na (3) kuwa ma'anar ta gusa zuwa so da sha'awa da niyya: mai ra'ayin kokowa shi ne wanda ba ya barin filin kokowa ya wuce shi, ko da bai taɓa faɗin komi a kanta ba. A na (4) ra'ayi ya zama ɓangare. Wannan ma'ana ta ƙarfafa tun da ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta iso garuruwan Nijar, gardamar addini ta shiga unguwanni da gidaje. Daga nan ne kuma ƴan jarida suka gina «tsattsauran ra'ayi» da «sassaucin ra'ayi» da «ra'ayin riƙau». A na (5) ra'ayi abu ne da ake iya ja, kamar akala.

Abin da ya haɗa misalan biyar shi ne kowane ra'ayi da mai shi, kuma kowane yana karkata wani gefe. Karin maganar nan ta zamani, «ra'ayi riga, kowa da irin tasa», wadda sashen Hausa na BBC ya ɗauko sunan wani shirinsa daga cikinta, ta faɗi abin a taƙaice. Riga ana sa ta, ana tuɓe ta, ba a kuma tilasta wa wani ya sa ta wani.

Ya kamata a lura da wuraren da kalmar ba ta shiga. Tsofaffi da yawa ba su cika amfani da ita ba. Abin da suke cewa shi ne «ga ganina», ko «ni dai na ga», ko «abin da ag ga raina». Abin sha'awa ne a ce Hausa da kanta ta bi ta kan gani ta isa inda Larabci ya isa, ba tare da aro ba. A fada, talaka ba ya ba sarki ra'ayi. In an tambaye shi ya ba da shawara, in an cuce shi ya kai kuka. A Lugu, garin Sarauniya da ta yi tsayayya da rundunar Voulet da Chanoine a 1899, waɗanda ke zuwa wurin dutsen Tunguma gaskiya suke nema a kan sata ko mutuwa ko gardama, kuma da wuya a ji wani ya kira amsar da aka samu ra'ayi. Haka nan abin da ƴan ƙasa, watau Gubawa masu kula da ƙasa da tsafinta, suka riƙe, sunansa gado. Duk abin da al'umma ta ɗauka tabbatacce ne, wanda bai rataya ga son wani ba, tana nema masa wata kalma.

3. Inda fassara ke kaucewa

Matsalar ta nahawu ce kafin ta zama ta ma'ana. A Faransanci, «la notion de» tana buɗe ƙofa ga kowane suna: lokaci, lamba, bashi, haƙƙi, tsabta. Mai fassara sai ya ɗauki «de» ya mai da ita «-n», ya sami «ra'ayin lokaci», «ra'ayin bashi», «ra'ayin riba». Amma kunnen Bahaushe hanya biyu kawai ya sani ta fahimtar «ra'ayin wani abu». In sunan da ya biyo na mutum ne ko na ƙungiya, shi ne mai ra'ayin: ra'ayin Musa, ra'ayin gwamnati. In na abu ne ko na aiki, shi ne abin da ake so: ra'ayin kokowa, ra'ayin tafiya. Saboda haka «ra'ayin bashi» a kunnen manomi son cin bashi ne, «ra'ayin riba» kuwa kwaɗayin riba. Wanda ya fassara «la notion de mort» da «ra'ayin mutuwa» ya rubuta abin da bai yi nufi ba, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

Na halarci wani darasi a wata cibiyar yaƙi da jahilci a wani ƙauye na gundumar Tibiri, inda ake koya wa ƴan ƙungiyar bankin cimaka lissafin hatsin da suka ajiye. Malamin, saurayi mai ƙwazo, ya karanta kan darasin kamar yadda aka rubuta masa, da «ra'ayin riba» a ciki. Wani dattijo ya dakatar da shi, ya ce: «Malam, ra'ayin wa?» Tambayar daidai take ta fuskar harshe, domin jimlar ta bar gurbin mai ra'ayi a buɗe. Da malamin ya rasa amsa, sai ɗaliban suka cike gurbin da kansu: ra'ayin masu kuɗin da suka kawo shirin ne. Daga nan aka bar lissafi aka koma gardama a kan ko riba halas ce. Darasin da aka shirya don mutane su iya bin sawun hatsinsu, kada ma'aji ya cuce su, ya tashi ba a rubuta lamba ko ɗaya a allo ba.

Abin da ke cikin hatsari ke nan. Ilimin da aka gabatar da sunan ra'ayi an riga an ba mai sauraro izinin ƙin sa, cikin ladabi ma, domin ƙin ra'ayin wani ba laifi ba ne. A lissafi abin ya tsaya ga ɓata lokaci. A darasin kiwon lafiya ya fi haka: in aka ce yaɗuwar cuta ta ƙazamin ruwa «ra'ayin» likitoci ne, an ajiye ta ke nan kusa da ra'ayin boka da na maƙwabciya, kowa ya zaɓi rigarsa. A darasin zaman ɗan ƙasa, in aka ce haƙƙin mace a kan gonarta ra'ayi ne, to, mijinta ma yana da nasa. Kuma ƙasar da mutane suka daɗe suna karɓar umurni daga sama, tun zamanin aikin tilas har zuwa samariya, ba ta bukatar a ƙara mata dalilin ɗaukar karatu a matsayin son ran hukuma.

Ƙamusoshi ba su da babban laifi a nan. Na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 daga Hausa suke tafiya zuwa Ingilishi, Ƙaramin Ƙamus na Abdu Mijingini kuma daga Hausa zuwa Faransanci. Laifin yana ga yadda muke juya su: mu nemi kalmar Faransanci a gefen dama, mu ɗauki ta Hausa da ke gefen hagu, kamar a ce hanyar da ta kai mutum kasuwa dole ta komo da shi ƙofar gidansa. Jerin kalmomin fannu da kwamitoci ke fitarwa, kalma gaban kalma ba tare da jimla ko ɗaya ba, su ne suka fi ƙarfafa wannan ɗabi'a.

4. Abin da harshen ke da shi

A ƙarƙashin ɗabi'ar akwai wani zato da ba a cika faɗinsa a fili ba, cewa Hausa ba ta da isassun kalmomi na abin da ido ba ya gani, don haka a yi maneji da wadda aka samu. Zaton tsoho ne, yana da dangantaka da abin da Lévy-Bruhl ya rubuta a 1922 a kan tunanin mutanen da ya kira na farko, kuma abin mamaki ne yadda ya daɗe a kawunan waɗanda Hausa ce harshen uwarsu. Harshen da ke gina «mutunci» daga «mutum», «sarauta» daga «sarki», «talauci» daga «talaka», «maƙwabtaka» daga «maƙwabci», «gwaninta» daga «gwani», bai rasa hanyar ware hali daga mai halin ba. Tun 1955 Parsons ya nuna wani rukuni na musamman, irin su «zafi», «sanyi», «nauyi», «zurfi», «ɗaci», «ƙarfi», masu gaɓa biyu da ke ƙarewa da «i», waɗanda daga cikinsu ake fitar da sifa da aikatau: zafi, zazzafa, zafafa. A nan sunan halin ne tushe, sifar ce reshe, akasin Faransanci inda «profondeur» ke fitowa daga «profond». Kuma waɗannan kalmomi ne ke ɗaukar magana mai wuya a bakin kowa: nauyin alkawari, zurfin ciki, ɗacin rai.

Don haka sau da yawa «notion» da «concept» ba su bukatar fassara ko kaɗan. «La notion de bénéfice» riba ce. In ana son kan darasi, a rubuta «Mece ce riba?» ko «Abin da ake nufi da riba». Faransanci na makaranta yana son jingina suna bisa suna. Hausa ta fi son tambaya da aikatau, kuma ba ragi ba ne a bi ta inda ta fi ƙarfi.

Inda ake bukatar kalma tsayayya, a duba aikin da «idée» ke yi a cikin jimlar. In hanyar warware matsala ce, «dabara» ce: wanda ya ga yadda za a fid da guga daga rijiya dabara ta zo masa. In abin da ake son cimma ne, «manufa» ko «nufi». In abin da aka ƙudurce ne a addini ko siyasa, «aƙida». In aikin zuciya ne, «tunani», sai dai a yi hattara da ita, domin a Arewa tana ɗauke da damuwa:

(6) Tunani ya ishe ta tun da mijinta yat tahi bida.

Matar da aka ce tunani ya ishe ta ramewa take yi, kuma littafin da ya ce zai «ƙara wa mata tunani» ya yi musu mugun alkawari.

Saura «concept» na ainihi, watau abin da hankali ke riƙewa game da wani abu, wanda ba na kowa ba ne, wanda kuma ake iya bayyana iyakarsa. A nan «ma'ana» nake ba da shawara. Ita ma aro ce daga Larabci, amma ta zauna sosai, har wanda bai taɓa shiga makaranta ba yana tambayar «mi am ma'anatai?». Tana karɓar «-r» ba tare da ruɗani ba: ma'anar riba, ma'anar haƙƙi, ma'anar lamba. Ba a jan ta, ba a goyon bayanta; gane ta ake yi, ko a kasa ganewa, kuma wannan shi ne abin da ake nema ga ɗalibi. Tana da gata a tarihin nazarin harshe: malaman nahawun Larabci sun daɗe da raba lafazi da ma'ana, kalmomi biyu da Hausa ta ara tare, ƙarnuka kafin littafin Saussure na 1916 ya raba «signifiant» da «signifié». Su ne kuma ke kiran suna irin «adalci» ko «ilimi» da «ismu ma'ana». Da za a bi su a ce «sunan ma'ana», da ya fi «ɓoyayyen suna» da ake koyarwa a makarantun Nijeriya, domin babu abin da ke ɓoye a cikin zafi ko talauci.

Tana da nata rauni. Mai sauraro na iya tsayawa ga ma'anar kalma kawai, ya zaci in ya iya maimaita bayanin ya gama, ga kuma «maganar banza marar ma'ana» da ke jan ta wajen daraja da amfani. Amma kuskuren da ke fitowa daga nan malami na iya gyara shi da misali biyu ko uku a cikin aji, tun da ɗalibin bai juya wa darasin baya ba.

Makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida sun soma tun 1973 a Damagaram, dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma, kuma an tsara kalmomin fannu masu yawa a tsakanin nan. Abin da zan roƙa ga kwamitocin da za su sake duba su shi ne kada a shigar da kalma cikin jeri sai da jimloli uku aƙalla da aka ji daga bakin mutane, tare da sunan yankin da aka ji su, kuma a karanta kan kowane darasi a gaban waɗanda ba su jin Faransanci kafin a kai shi maɗaba'a. Game da «ra'ayi», gwajin mai sauƙi ne: a liƙa mata «-na». In «ra'ayina» ya zauna a cikin jimlar, a bar ta. In bai zauna ba, kamar a lissafin buhunan hatsi ko adadin allurar rigakafin da yaro ke bukata, a nemi wata.